Zuwa ga Yaya Hamisu, da Ya Tafi Ganin Itacen Shuh

Sa'alaba, Jidda
Bayan Hajjin bana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, Yaya, ina fata wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da duk wanda ke hannunka. Ni ce ƙanwarka Balkisu. Budurwar da ka bari yanzu tana da 'ya'ya, furfura ma ta fara leƙo mata a gefen kai. Ban san inda zan aika maka da wasiƙa ba, shi ya sa na sa ta a fili inda Hausawan waje ke karatu, ko Allah zai sa wani ya gani ya ce ya san ka. Idan ka ji kunya da na fito da zancen gidanmu, ka yi haƙuri. Ba ka bar mini wata ƙofar ba.

Zan fara daga inda abin ya fara, don in ka karanta ka tabbata ni ce.

A goye nake lokacin da Baba ya kawo mu Hajji daga Haɗeja, kai kuma kana tafiya da ƙafarka, riƙe da gefen zanen Inna. Aka gama Hajji, 'yan'uwan tafiya suka koma, mu muka zauna. Baba ya samu dako a tashar jiragen ruwa. Da ƙarfinka ya kawo sai ka bi shi, aka sa ka a siton katako da ke bayan tasha, inda ake jibge farin katakon nan da magina da kafintoci ke kira shuh. Da yamma kakan dawo kanka fari fat da dusar katako, Inna ta tare ka a bakin ƙofa ta ce sai ka kakkaɓe kafin ka taka mata tabarma.

Kowa a siton nan katako yake ɗauka ya ajiye, ya karɓi hakkinsa ya tafi gida. Kai ne kaɗai ka tsaya tambayar daga ina yake zuwa. Wani tsohon kafinta Baturke da ke sayen kaya a wurinku ya kai ka shagonsa a unguwar Sharafiyya, ya nuna maka hoton itacen a jikin kalanda. Ranar ba ka bari mun ci abinci cikin natsuwa ba. Ka ce dogo ne, miƙaƙƙe kamar hasumiyar masallaci, a kan duwatsu yake fitowa inda gajimare ke saukowa ya shiga tsakanin rassa. Ka ce ganyensa siri-siri ne kamar allura, samansa kore shar, amma in ka juya shi za ka ga layi biyu farare kamar an shafa azurfa. Ka ce 'ya'yansa ba sa rataya kamar na sauran itatuwa, a tsaye suke a kan reshe kamar an jera kyandir. Kuma ko dusar ƙanƙara ta rufe shi, ganyensa ba ya zuba.

Baba ya ce ka ci tuwonka, itace dai itace ne. Ni kuwa na ajiye loma ina kallon bakinka.

Daga lokacin zama ya gagare ka. In ka dawo aiki sai ka hau soro kana hangen jiragen ruwa. In an ce ga matuƙan jirgin da ya kawo katako sun sauko, sai ka bi su da Larabci da nuni kana tambayarsu dajin. Wata Juma'a ka roƙi wani direba mai ɗauko kayan lambu daga Ɗa'ifa ya tafi da mu, ni da kai, ba mu da takarda ko ɗaya, ga shingayen bincike a hanya. Da muka hau dutse muka ga itatuwa kore a gangare, ka dira daga mota kafin ta gama tsayawa. Ka daɗe a cikinsu kana juya ganye. Sai ka dawo a hankali ka ce ba shi ba ne, wannan wani itace ne daban da ake kira ar'ar. Ni ranar na fara jin sanyin da ba na mukayyif ba, wato na'urar sanyaya ɗaki, na yi ta murna.

Bayan yaƙin Kuwait mai siton ya lura da kai, ya ɗauke ka zuwa gidansa ka zama direba kuma mai kula da lambu. Ya yi maka fasfo, ya yi maka iƙama, takardar izinin zama, ya zama kafilinka, mai tsaya maka a wurin hukuma. Kai ne na farko a gidanmu da ya taɓa tafiya a titi ba ya waige. Inna ta dafa shinkafa da nama ta raba wa maƙwabta.

Mutumin nan yana da gidan hutu a kan duwatsun Ostiriya, can yake kai iyalinsa in zafi ya matsa. Wata shekara ya dawo da ɗan dashen shuh a tukunya, bai kai tsayin gwiwa ba, ya ce a sa masa a lambu. Ka yi masa rumfa, ka yi masa duk abin da ka sani. Iskar Jidda ba ta bar shi ba. Da ya fara ja sai maigidan ya ce shi ke nan, a jefar. Kai ka ɗauko shi zuwa gida cikin babban gwangwanin madara, ka ajiye shi a ɗakin Inna, daidai bakin mukayyif. Kullum sai ka sayo ƙanƙara a baƙala, shagon unguwa, ka jera masa a gindi. Inna ta ce ita da ta haife ka ba ka taɓa sayo mata ƙanƙara haka ba. Duk da haka, in ka tafi aiki, ita ce ke tashi ta juya gwangwanin don kada rana ta taga ta taɓa shi.

A nan na ga azurfar da idona. Ka juya mini reshe ɗaya, ka murza ganyen a yatsunka ka kai hancina. Ƙamshin bai yi kama da komai da na sani ba. Bai daɗe ba ganyen ya zube a kan darduma, ya bar tsinke. Kai da kanka ka share.

Shekarar da ta biyo baya kafilinka ya ce da kai za a tafi, ka tuƙa su a can. Ka zo gida kana dariya kai kaɗai. Inna ta ƙulla maka yaji da dabino, Baba ya ba ka tsohuwar kwat ɗinsa ta aikin tasha. A bakin ƙofa ka dafa kaina ka ce, “Da zafi ya sauka za mu dawo, Balki. Zan zo miki da ɗan itacen, ki gani ko ƙarya nake.”

Zafi ya sauka, suka dawo babu kai.

Kafilin da kansa ya zo Sa'alaba, motarsa ta cika lungu. Ya tsaya a ƙofarmu da fasfonka a hannu, ya ce saura kwana kaɗan su taso ka fita da safe ka ce za ka zaga daji, ba ka dawo ba. Sun neme ka, daga baya aka ce an gan ka cikin motar masu aikin daji. Bai zagi Baba ba, da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi ya ɗauke ka kamar ɗansa. Baba ya tsaya kansa a ƙasa, maƙwabta na leƙe ta taga. Bayan wannan ba a ƙara ɗaukar Baba aiki a siton ba, kuma bai ƙara kiran sunanka ba. In dole ta kama sai ya ce “wancan”.

Sai ka fara bugo waya a baƙalar bakin lungu, da yake ba mu da waya a gida. Mai shagon ya aiko, ni da Inna mu fita a guje, mayafi a hannu. Kiran farko ni na riga ta ɗauka. Ban ko gama sallama ba ka ce, “Balki, na gan shi. Ya fi yadda na faɗa muku.” Na so in yi maka faɗa, na shirya maganganu tun daga gida, amma yadda muryarka ta fito ban taɓa jin ta haka ba. Ka ce in ka shiga dajin da rana tsaka duhu-duhu ne, shiru, ƙafarka ba ta ƙara a ƙasa. Ka ce ƙananan suna iya shekaru a inuwar manya ba su mutu ba, ba su girma ba, sai ranar da aka sare babba haske ya shigo su miƙe. Ka ce kana aiki da wasu Musulmi 'yan Bosniya da yaƙi ya koro, suna sara suna dashe, tare kuke salla a kan kwali. Inna ta karɓi wayar, ita tambayarta ɗaya ce, ko kana cin abinci mai zafi.

Kiran ya riƙa ja da baya. Daga wata-wata ya koma Salla-Salla. A na ƙarshe ka ce abokan aikinka za su koma ƙasarsu tunda yaƙi ya ƙare, kana tunanin abin yi. Ka ce a gaida Baba. Shi ke nan.

Ban san ko ka taɓa tunanin abin da shirunka ya zama a gidan nan ba. Bari in gaya maka. An sayar da baƙalar, an sake sayarwa, kowane sabon mai shago sai Inna ta je da kanta ta gabatar da kanta, ta ce in wani ya kira ya nemi Ummu Hamisu, ga ƙofarta can. Wayar hannu ta zo, kowa ya saya, aka cire ta shagon daga bango, ita ba ta daina zuwa ba. Shekarar ambaliya ruwa ya shiga mana har ɗaka, bango ya tsage, mijina Isiyaka ya samo mana gida mai kyau a wata unguwa. Inna ta ce mu je, ita tana nan, wannan ƙofar kaɗai ka sani. Haka muka gyara tsagar muka zauna.

Baba ya rasu, Yaya. Shekara shida ke nan. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana jinya ba. Ana gobe zai cika ya kira ni da hantsi, ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya ce, “In Hamisu ya kira, ki ce masa na yafe.” Ranar na sake jin sunanka a bakinsa. Tun lokacin nake ɗauke da saƙon nan, ya yi mini nauyi. Ga shi na sauke maka.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Isiyaka ya yanke shawarar mu koma gida. Aikin sito ya fi ƙarfin bayansa, babbar 'yarmu tana son karatu kuma a nan hanyar ta toshe mata. Tun bara yake maganar. Inna ta ce ba inda za ta. Ni ba zan bar ta ba, kuma ba zan ce wa mutumin da ya yi mini haƙurin shekaru ya ƙara wani ba. Na zama ba na nan ba na can. In na shiga ɗakin Inna in ga kamar na ci amanar 'ya'yana, in na fito in ga kamar ina jiran ta mutu ne mu tafi. Allah Ya sani na yi fushi da kai a watannin nan fiye da duk shekarun baya.

Yanzu ina shimfiɗa kaya a kasuwar Balad lokacin da alhazai ke sayen tsaraba: darduma, carbi, lalle, turare. Bayan Hajjin nan, wata rana da la'asar, motar wasu alhazai farare ta tsaya kusa da mu. Wani tsoho mai jan fuska ya durƙusa yana zaɓen carbi. Da na ɗaga kai zan gaya masa kuɗi, niƙabina ya zame, sai na ga ya kafe ni da ido. Ya nuna billen da ke kumatuna, irin naka, ya ja yatsa a nasa kumatun, ya kira jagoran ayarinsu mai jin Larabci.

Jagoran ya ce su 'yan Bosniya ne. Ya ce tsohon na cewa a ƙauyen da ke sama da nasu, a kan dutse, akwai wani baƙin mutum mai irin wannan zanen a fuska. Ya zo tare da mutanensu bayan yaƙi, yana aikin daji, yana reno da dashen itatuwa. Ya auri 'yar garin, suna da 'ya'ya. Larabcinsa ya fi na limaminsu, in liman ba ya nan shi ke ja musu salla. Hamza suke kiransa.

Na tambaya ko babban yatsansa na hagu a murɗe yake, inda katako ya taɓa danne maka. Tsohon ya yi dariya ya buɗe nasa hannuwan, ya ce a wurinsu duk mai aikin daji haka yatsunsa suke. Na tambayi sunan ƙauyen. Ya faɗa, wani suna mai wuyar kamawa, na ce ya maimaita. Jagoran ya fara laluben biro a aljihu.

Daidai nan aka yi ihu daga bakin layi cewa ga masu kama 'yan talla. Ka san yadda abin yake. Kafin ka yi tunani jikinka ya riga ya yi. Na tattare bakin shimfiɗa na saɓa a kafaɗa na faɗa lungu tare da sauran mata, don in aka kama ni ba kayan kaɗai za su tafi ba, ni ma sai dai Inna ta ji labari. Da ƙura ta lafa na dawo a guje. Motar ta tafi. Carbin da tsohon ya zaɓa na nan a ƙasa, ya ɗora kuɗinsa a kai ya danne da dutse.

Kashegari na je har inda alhazai ke jiran jirgi, ba a bar ni na shiga ba. Sunan ƙauyen kuwa na yi ta juya shi a baki a hanya har ya lalace, yanzu ban san ko abin da nake faɗa shi ne abin da na ji ba.

Na yi kwanaki ban gaya wa Inna ba. Ina tsoron in ɗaga mata rai a kan abin da ba tabbas, ina kuma tsoron ta ƙara kafewa ta ce yanzu ne ma za ka zo. Ran nan da safe ina taje mata kai sai maganar ta fito da kanta. Na faɗa mata duka, har gudun da na yi. Ba ta juyo ba. Sai ta tambaya ko tsohon ya ce kana da jiki ko a rame kake. Na ce ban samu tambaya ba. Ta ce, “Mai mata da 'ya'ya, yana jan salla, ai bai ɓata ba. Zuwa ne ba zai yi ba.” Sai ta ce in gama kitson, in kira mata Isiyaka ya fara neman takardun tafiya.

Tun ranar ta samu natsuwar da ban taɓa gani a tare da ita ba. Tana rabon tukwanenta, tana sallama da maƙwabta. Ni ce kuma na kasa zama. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in fita bakin lungu in dawo ban sayi komai ba. Ita ta yarda kai ne. Ni ban sani ba. Wata rana in ce tabbas kai ne, wa kuma zai kai bille kan dutsen nan? Wata rana in ce baƙaƙe masu zane a fuska ai ba su ƙare a kanka ba, ƙila kai kana kwance a wani wuri tun tuni, muna nan muna jin haushin mamaci. Kuma ban san wanne na fi tsoro ba. In ka mutu, na rasa ka. In kuwa kai ne Hamza, to kana da rai duk shekarun nan, ka ga jirage na tashi zuwa Jidda kowace shekara da maƙwabtanka a ciki, ba ka ba ko ɗayansu saƙo ba.

Me ya riƙe ka, Yaya? Kunyar Baba ce? Ko ka bari ne sai abubuwa sun daidaita, shekara ta bi shekara, har kiran ya yi maka nauyin da ba ka iya ɗaga waya? In haka ne, na fahimta fiye da yadda kake zato. Ba na neman bayani. Ba na cewa ka bar dajinka. Na ji muryarka a ranar da ka gan shi, na san ba za ka iya komawa ɗaukar gawar itacen a sito ba.

Za mu tashi kafin azumi in Allah Ya yarda. Haɗeja za mu, gidan Kawu Sale, ƙanin Inna, wanda ke bayan kasuwa. In ka zo Sa'alaba ba za ka same mu ba, amma duk matan lungun sun san inda muka nufa. Wanda kuma ya karanta wannan ya san wani Hamza ko Hamisu mai bille a duwatsun can, don Allah ya karanta masa, ko da Hausar ta fara kuɓuce masa.

Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba don kaina ba. Inna in ta idar da salla sai ta bi jikokinta ɗaya bayan ɗaya da suna tana yi musu addu'a. Yanzu in ta gama da nawa sai ta tsaya, hannunta a sama, ta rasa abin faɗa. Jiya na ji ta ce, “Da na Hamisu, Ya Rabbi, Kai Ka san sunayensu.” Idonta ya yi rauni, ƙafa ma sai a hankali, amma kanta garau yake, ba ta manta suna. Ka aiko mata da sunayen. Ko ba ka ce komai ba bayan wannan, ka aiko da sunayen.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya kare ka daga sanyi da faɗuwar itace da sharrin ƙarfe. Allah Ya shirya maka zuriya, Ya sa matarka ta zame maka sanyin ido. Idan kuma ka riga mu, Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Baba a inda babu sauran kunya tsakaninku. Allah Ya ba Inna tsawon ran da za ta ji daga gare ka. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Balkisu